Takardar neman aikin da na gyara na ɓata

Shekara 22 ke nan ina riƙe da jan bik. Tun ranar da na fito daga makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye a arewacin Maraɗi, da wuya takarda ta bi ta hannuna ban ga abin gyarawa a cikinta ba. Shi ya sa a danginmu duk mai rubutu wurina yake kawowa: mai neman fili, mai neman a sauya masa wurin aiki, har da mai rubuta wa surukinsa wasiƙar ban haƙuri. Da ɗan yayata ya kawo mini takardarsa ta neman aiki, wadda kowa ke kira CV, ko kaɗan ban yi shakkar kaina ba. Na zauna na gyara ta cikin dare guda. Sai bayan wata 8 na gane ɓata ta na yi, kuma wadda ta nuna mini hakan yarinya ce da na koyar a aji shida.

Ina rubuta wannan ne domin ƴan'uwana malamai da iyaye. Na san akwai gidaje da yawa daga Tawa zuwa Damagaram da ke da irin yaron nan: ya yi karatun kwamfuta, ya iya aikinsa, amma takardarsa ba ta faɗin haka.

Yaron ya yi shekara 3 a Yamai yana karatun kimiyyar kwamfuta, ya fito da lisans a fannin rubuta manhaja. Mahaifinsa ya rasu tun yana kwaleji. Yayata ce ta ɗauki nauyinsa da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ranar da aka ce dole sai ya mallaki kwamfutar kansa, bijimin da ta turke ta sayar. Ba ta san abin da ake nufi da manhaja ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta ya gama, kuma wanda ya gama aiki yake samu.

Takardar da ya kawo mini shafi 2 ce. Da na gama da ita ta koma shafi 4. Na ce ya sa hotonsa babba a sama, da kwat ɗin da ya aro. Na ƙara sunan mahaifi, ranar haihuwa da wurin haihuwa, da cewa bai yi aure ba. Na ce ya jero takardun shaidarsa tun daga satifikar gama firamare, sai BEPC, sai bak, sai lisans can ƙasa. Na rubuta masa sakin layi na buɗewa da Faransanci mai nauyi, cewa shi matashi ne mai kuzari, mai ƙwazo, mai son aiki cikin jama'a. A ƙarshe na ƙara jimlar nan da muka saba, ta rantsuwa cewa duk abin da ke sama gaskiya ne. Sannan na ba shi shawarar da nake gani ta fi kowace hikima: ya buga takardar, ya sa hannu da bik, a ɗauki hotonta da na'ura, sannan ya dinga tura hoton. A ganina takardar da babu sa hannu ba takarda ba ce.

Ya tura ta wurare kusan 40 cikin wata 8: bankuna, kamfanonin waya, ƙungiyoyin agaji, da wasu kamfanonin waje masu ɗaukar wanda zai yi musu aiki daga gida. Wuri ɗaya kawai aka kira shi, kuma ya dawo daga ganawar bai ce wa kowa komai ba. Daga nan gida ya fara zafi. Wasu suka ce sai da hanya, wanda ba shi da kowa a sama ya haƙura. Wata gwaggo ta ce baki ne aka yi masa, a nemi taimako. Shi kuwa ya daina zuwa fada wurin abokansa, ya koma zama a rumfar wani mai gyaran salula kusa da kasuwa, yana buɗe wa mutane wayar da suka manta lambar sirrinta. Wata rana Yaya ta tare ni a zaure ta ce, "Kai da ka ce a bar shi ya yi karatun nan, yanzu sai ka faɗa mini ina aikin yake." Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Da babbar salla wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni. Yanzu tana aiki a Dakar, a wani kamfani mai rubuta manhajar biyan kuɗi ta waya, kuma tana cikin waɗanda ke zama su tantance sababbin ma'aikata. Na kira yaron, na miƙa mata takardar ina jin kaina, don ta ga yadda ake zaluntar mai ilimi. Ko minti ɗaya ba ta yi tana dubawa ba ta ɗago kai ta ce, "Mushe, in faɗi gaskiya ko in yi kara?" Na ce ta faɗi gaskiya. Ta ce, "To ku ara mini jan bik ɗinku."

Abin da ta fara tambaya shi ne wanda ya ce a tura hoton takarda. Na yi shiru, yaron ya sunkuyar da kai don kada ya tona ni. Ta bayyana mana cewa kamfanoni da yawa, musamman manya da na waje, suna karɓar takardun neman aiki ta cikin wata manhaja ce, wadda ke tsamo rubutun da ke ciki ta zuba shi a rumbun bayanai. Mai ɗaukar ma'aikata sai ya nemi kalmar da yake so, misali Python, manhajar ta fito masa da masu ita. Takardar da aka ɗauki hotonta, a wurin irin wannan manhaja sau da yawa hoto ne kawai, babu kalmar da za ta tsamo. Ta nuna mana gwaji mai sauƙi: ka buɗe takardarka, ka kwafi rubutun duka, ka zuba shi a shafin da babu komai. Abin da ya fito, kusan shi ne abin da na'ura take gani. Muka gwada da tamu, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ta ƙara da cewa ko takardar da aka ajiye daidai a matsayin PDF, idan an cika ta da akwatuna da ado da rubutu gida biyu gefe da gefe, tana iya fitowa a hargitse. Na tuna yadda na tsaya a kansa har ya sa hannu, na ji kunya ta rufe ni.

Sai ta koma kan tsawon. Ta ce, "Mushe, wannan dosiyen konkur kuka haɗa masa." Kuma gaskiya ta faɗa. Ni abin da na sani ke nan. Mu da muka shiga aikin gwamnati, takarda muke tarawa: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta shaidar karatu, da wasiƙar hannu mai tambur. Wanda ya fi cika ambulan shi ya fi kwanciyar hankali. Mai neman injiniyan manhaja ba haka yake dubawa ba. Takardu ne jibge a gabansa, duban farko na ɗan lokaci ne, kuma saman shafin farko yake fara kallo. A namu saman babu komai sai kwat ɗin aro da sunan mahaifi. Lisans ɗin da aka sayar da bijimi dominsa yana can shafi na 2, a ƙarƙashin satifikar firamare. Ƙa'idar ita ce na baya-bayan nan shi ke zuwa farko, kuma wanda ke da lisans ba ya buƙatar ya tabbatar ya gama firamare.

Ta kawo mana maganar Laszlo Bock, wanda ya yi shekaru yana shugabantar sashen ma'aikata na kamfanin Google. A 2014 ya lissafa manyan kurakurai biyar da ya fi gani a takardun masu neman aiki: kuskuren rubutu, yawan tsawo, rashin tsari, tona sirrin wurin da mutum ya yi aiki, da ƙarya. Ma'aunin da ya bayar shi ne shafi ɗaya ga kowace shekara 10 ta aiki. Yaron da bai taɓa karɓar albashi ba, ni na ba shi shafi 4. Cikin biyar ɗin nan, kuskuren rubutu kaɗai na kare shi daga gare shi.

Game da hoto da shekaru da maganar aure, ta ce ya danganta da inda za a tura. A nan gida da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci ana yawan sa ƙaramin hoto, kuma idan sanarwar ta nema sai a sa. A Amurka kuwa ba a saba sa hoto ko ranar haihuwa ko maganar aure ba, saboda dokokinsu na hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki. Abin da ya kamata ya kasance a saman kuma, shi ne muka yi wa riƙon sakainar kashi. Lambar wayarsa babu +227 a gabanta, alhali yana tura wa mutanen da wasunsu ba sa bambance Nijar da Najeriya. Adireshinsa na imel laƙabin da abokai ke kiransa ne a filin ƙwallo, haɗe da sunan ƙungiyar da yake goyon baya. Sunan da ya ba takardar a kwamfuta ma ba sunansa ba ne, wani abu ne kamar "na ƙarshe na 3".

Daga nan ta zo shafi na 3, wanda shi ne abin alfaharin yaron. Ya jero sunaye 14 na harsunan rubuta manhaja da kayan aiki, kowanne da ɗan layi mai launi a gabansa: wannan kashi 90 cikin 100, wancan kashi 75. Ta dube shi ta ce, "Kashi 90 na me? Wa ya auna?" Ta nuna masa inda ya haɗa Java da JavaScript a layi ɗaya kamar abu guda, alhali harsuna biyu ne daban da sunansu kawai ya yi kama. Ta nuna inda ya sa Word a cikin jerin, ta ce wannan kamar direban tirela ne ya rubuta cewa ya iya buɗe ƙofar mota. Sannan ta tambaye shi, cikin 14 ɗin nan, da wanne zai iya zama yanzu ya rubuta abu mai aiki ba tare da ya sha wahala ba. Ya yi jim, ya ce uku.

A nan ne ya faɗi abin da ya ɓoye mana wata da watanni. Wurin nan guda da aka kira shi, sun ga ya rubuta C++ kashi 80, sai suka ba shi ƙaramin aiki da shi. Zango ɗaya kawai ya taɓa yin sa a jami'a. Ya zauna minti 40 a gaban mutum uku bai rubuta abin kirki ba. Bayan nan ko da suka tambaye shi abin da ya sani sosai, bakinsa ya riga ya mutu, su ma sun daina yarda da sauran takardar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a ya fi ƙurewa, domin ana gwada mutum nan take a gaban allo. Ba ƙananan yara kaɗai abin ke kayarwa ba. A watan Mayu na 2012 shugaban kamfanin Yahoo, Scott Thompson, ya bar kujerarsa bayan wata huɗu da hawanta, da aka gano tarihinsa yana cewa yana da digiri a kimiyyar kwamfuta, alhali digirinsa na lissafin kuɗi ne.

Haka ya yi da harsunan baki. Ya rubuta cewa ya iya Ingilishi sosai, karatu da rubutu da magana, alhali karatun ne kawai yake yi da sauƙi. Hausa da Zabarmanci kuwa, waɗanda yake yi kamar ruwa, bai ambace su ba sam. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kawu, ai ba a sa wannan a CV." Ita kuwa ta ce a kamfaninsu da ke yi wa ƴan kasuwa manhaja, wanda zai iya zama da mai shago ya ji matsalarsa da harshensa ba ƙaramin amfani gare shi ba.

Sai muka zo wurin da ya kamata ya zama zuciyar takardar, wato ayyukan da ya yi. Layi biyu ne kacal. Ya yi sitaj na wata 3 a wani ofis a Yamai, ya rubuta cewa ya taimaka wajen kula da shafin intanet na ofishin. Ta ce wannan ya faɗi inda aka zaunar da shi ne, bai faɗi abin da ya yi ba. Da ta matsa masa da tambaya, sai ga shi ashe ya tarar da shafin yana daɗewa kafin ya buɗe a waya, ya gano hotuna ne suka yi masa nauyi, ya rage nauyinsu ya sake tsara yadda ake loda su, har shafin ya koma buɗewa da sauri ko da layin ba shi da ƙarfi. Ta ce to wannan shi ne abin rubutawa. Kowane layi ya amsa tambaya uku: me ka yi, da me ka yi shi, me ya canja bayan ka yi. Idan akwai adadi na gaskiya a sa, idan babu kada a ƙirƙira.

Ta sake tambayarsa, "Ban da sitaj, ba ka taɓa gina wani abu da mutane ke amfani da shi ba?" Ya ce a'a. Ni da ke zaune a gefe na ji kamar an mare ni. Domin a makarantar da nake koyarwa muna da ɗalibai 540, kuma a da duk ƙarshen zango sai mun yi kwana 10 muna tara maki, muna raba shi, muna jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, muna cika takardun sakamako da hannu. Kowace shekara sai an sami uban da ya zo da ƙorafin an yi wa ɗansa kuskuren lissafi, kuma wani lokaci da gaskiyarsa. A hutun shekararsa ta biyu yaron nan ya gan ni cikin dare da fitila da tarin kaye, ya ce in ba shi mako uku. Ya rubuta mana manhajar da malami zai shigar da maki kawai, ita ta yi lissafin ta jera ta fitar da takardar kowane yaro. Tana aiki a tsohuwar kwamfutar darakta ba tare da intanet ba. Aikin kwana 10 ya koma kwana 2. Makarantu uku na kusa da mu suka ji labari suka karɓa. Shekara biyu ina amfani da ita, kuma na zauna na gyara takardarsa dare guda ban lura babu ita a ciki ba.

Na ce masa, "Manhajar makaranta fa?" Ya ce, "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne. Ba wanda ya biya ni. Taimakonku kawai na yi." Tsohuwar ɗalibata ta ajiye bik ɗin ta ce da wannan kaɗai ya rubuta a rabin shafi, da ta kira shi ganawa.

Ta tambaye shi ko yana da GitHub. Ga waɗanda ba su sani ba, wuri ne a intanet inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, duk mai so ya shiga ya karanta yadda aka rubuta shi, ya ga kuma ranakun da aka yi kowane gyara. Yana da shi, har ya sa adireshin a shafi na 4, amma babu komai a ciki sai atisayen aji guda biyu da kowane ɗan ajinsu ke da irinsu. Ta ce adireshin da zai kai mutum ɗakin da babu kowa gara babu shi. Ta ce ya ɗora manhajar makarantar, ya rubuta gajeren bayani a gabanta: wace matsala take warwarewa, yadda ake kunna ta, da hoton yadda take fitowa. Amma ta ja masa kunne da kyau kada ya ɗora ta da sunayen yaranmu da makinsu, ya sa sunayen ƙarya na gwaji. Haka kuma abin da ya rubuta wa ofishin da ya yi sitaj ba nasa ba ne, ba ya ɗora shi sai da izininsu. Mai ɗaukar aiki idan ya ga ka baje sirrin wani, ya san nasa ma haka za ka yi da shi.

Na ƙarshe, ta ce takarda ɗaya ba ta zuwa ko'ina. Shi ya tura abu guda ga banki mai neman wanda ya san rumbun bayanai, da kamfani mai neman mai gina manhajar waya. Kamata ya yi ya karanta kowace sanarwa da fensir a hannu, ya ja layi a ƙarƙashin abin da suke nema, sannan ya ɗauko abin da yake da shi da gaske cikin waɗannan ya kawo shi sama, da kalmomin da su suka yi amfani da su. Wurare 10 da aka zaɓa aka shirya musu sun fi 40 da aka watsa wa takarda kamar shukar gero.

Bayan ta tafi na daɗe zaune a tabarma ina tunani. Kurakuran nan ba daga sama suka faɗo wa yaron ba. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga sawunmu a jikin kowanne. A lakwal mu muka koya wa yara cewa wanda ya fi cika shafi shi ya fi samun maki. Mu muka saba musu da jero sunaye: koguna, manyan birane, sassan fure. Da wuya mu ce wa yaro ya yi wani abu da hannunsa sannan ya bayyana yadda ya yi shi. To me zai hana ya girma ya jero harsuna 14 yana ganin ya amsa tambaya? A gida kuma mun tarbiyyantar da su cewa yabon kai jahilci ne, kuma ban ce mun yi kuskure ba. Sai dai ba mu nuna musu bambancin yabon kai da ba da shaida ba. Sakamakon shi ne abin da na gani a takardar nan: yaron ya ji kunyar faɗin aikin da ya yi da gaske, amma bai ji kunyar "mai kuzari, mai ƙwazo" ba, domin wannan ba maganarsa ba ce, aro ce, kowa ma haka yake rubutawa. Ya ɓoye abin da yake nasa, ya yi ado da na aro, kuma ni na taya shi.

Alhali a kasuwarmu mun san wannan tun da daɗewa. Ba wanda ke tambayar tela takardar shaida, rigar da ya ɗinka ake dubawa. Magini idan yana neman aiki cewa yake, je ka unguwa kaza ka ga gidan wane, ni na gina shi, damina biyar bai tsage ba. Ba wanda ke cewa maginin nan ya cika baki. Ba a cinikin biri a sama. Sana'ar rubuta manhaja ta fi kusa da ta tela da magini fiye da yadda ta yi kusa da aikin ofis da muka sani. Mu ne muka ga kwamfuta da Faransanci muka ɗauka aikin takardu ne.

Sabuwar takardar shafi ɗaya ce. A sama sunansa, garinsa, lambar waya cikakkiya, imel mai sunansa, da adireshin GitHub. Sai ayyukan da ya gina, manhajar makaranta a farko, cikin layi biyu da ma'anarsu ita ce: ya rubuta manhajar lissafin makin ɗalibai da Python da SQLite, mai aiki babu intanet, makarantun firamare 4 suna amfani da ita, ta rage aikin kwana 10 zuwa kwana 2. Sai sitaj, sai lisans, sai harsuna uku da ya iya, da wasu biyu da ya rubuta a fili cewa yana kan koyo. Ban taɓa mata komai ba sai waƙafi guda.

Ba zan ce takarda tana haifar da aiki ba. Guraben ba su da yawa, masu nema sun fi su, kuma maganar hanya da ake yi ba duka ce ƙarya ba. Akwai yaran da takardarsu ba ta da aibi kuma har yau suna zaune. Shi ma ya tura wurare 9, uku suka kira shi. Na farko ya faɗi gwajinsu, amma wannan karon ya dawo ya faɗa mana inda ya kasa, ya zauna ya koye shi. Na biyu ba su sake magana ba. Na uku sun ɗauke shi gwajin wata 6 a Yamai, yana cikin na huɗu yanzu, kuma ba mu san abin da zai biyo baya ba. Abin da na sani shi ne wata 8 ɗin farko ba rashin hanya ne kaɗai ya cinye su ba. Akwai hannuna a ciki.

Ga iyaye, shawarata ita ce idan ɗanku ko ƴarku suna karatun nan, kada ku tsaya ga tambayar yaushe za a gama. Ku ce su nuna muku abin da suka gina, ko da ba ku gane yadda yake aiki ba. Idan akwai mai shago a dangi da littafin bashinsa ya rikice, ko ƙungiyar adashin mata da lissafi ke ba ta wuya, ku haɗa su. Wannan shi ne abin da za su rubuta gobe. Idan kuma takardar ta zo gyara, ku kai ta wurin wanda ke cikin sana'ar, ko da ƙaramin yaro ne. Wanda ya fi kowa Faransanci a gida ba lalle ne ya san abin da ake nema ba, ni shaida ne.

Ga ƴan'uwana malamai kuma, ga abin da na fara yi a ajina. Duk ranar Juma'a kowane yaro yana rubuta layi uku: abin da na yi da hannuna a wannan mako, yadda na yi shi, da abin da ya fito. Makon farko rabin ajin sun rubuta cewa su yara ne masu biyayya da ƙoƙari. Na mayar musu. A mako na uku wata yarinya ta rubuta cewa ta lura kajin gidansu suna mutuwa da zafi, ta yi musu rumfa da karan dawa ta dinga sauya musu ruwa sau biyu a rana, kuma cikin ƴan tsaki 9 guda ɗaya kawai ya mutu. Da na ce ta tashi ta karanta, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai ba kyau mutum ya yabi kansa." Na tambaye shi ko ya ji inda ta ce ita mai wayo ce. Ya ce a'a. Na ce to ba ta yabi kanta ba, ta faɗi abin da ya faru ne, kuma duk mai shakka yana iya zuwa gidansu ya ƙirga kajin.

Yaya har yau ba ta san mene ne manhaja ba. Ranar da ya turo mata kuɗin farko ta aiko mini da kwalbar man gyaɗa, wai ladan gyaran takarda. Na karɓa, ban iya gaya mata ba. Allah ya yafe mana kurakuran da muka yi da kyakkyawar niyya, ya buɗa wa yaranmu ƙofofin alheri.